Idan Maigida Ya Kai Ki Gidan Cin Kifin Teku

Yau filin namu zai karkata wajen ƙasar Mafara, watau Bakura da Talata Mafara da Maradun, ko da yake maganar ta shafi kowace mace da wata rana tafiya za ta kai ta Abuja ko Ikko, ko ma ƙasar waje, a zaunar da ita a babban gidan abinci a miƙa mata takardar da ba ta taɓa ganin irinta ba.

Ke mutuniyar wannan yanki ba baƙuwar kifi ba ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun a shekarar 1978, wadda ke iya tara ruwa har mita miliyan 450 ta ma'aunin cikin tafki, masunta suke fito da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa, ga kuma tafkin Natu a ƙasar Bakura. Ranar Talata kin san inda masu banda suke zama a kasuwar Mafara. Kin san ki ɗaga kunnen kifi ki ga ko ja ne, ki dubi idonsa ki ga ko garau yake, ki danna tsokarsa da yatsa ki ga ko za ta dawo. Wannan ilmi ne, kuma kada ki bar shi a gida ran da za ki birni, gama zai yi miki amfani. Amma fa ki sani daga Bakura zuwa bakin teku tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma abin da ke cikin ruwan gishiri ya sha bamban da abin da ke cikin gulbi. Can akwai jatan lande mai tsawon tafin hannu, da ƙaguwa, da lobsta, da kalamari, da wata dabba mai hannuwa takwas, da masu zama cikin ƙwanso waɗanda wasunsu ɗanye ake haɗiye su.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa na ɗauko wannan magana, ko da yake laifin nawa ne.

Ina da wata ƙanwa, 'yar ƙanwar mahaifiyata, haifaffiyar Bakura. Aiki ya kai mijinta Abuja, wani babba a wurin aikinsu ya gayyace su cin abincin dare a wani gidan kifin teku a Maitama, ni ma da na zo ganinsu aka tafi da ni. Wuri ne mai sanyi da ƙananan fitilu, kowane mutum da cokula uku da wuƙaƙe biyu a gabansa. Mai gayya, don karamci, shi ya zaɓar wa kowa. Aka kawo faranti faɗi guda cike da jatan lande gasasshe. Ƙanwata ta dube shi, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Yaya, wanga abu ai sai ka ce hwara." Na yi dariya na ce, "Ke dai ci, kada ki ba mu kunya." Ta ci guda uku. Ba a yi minti ashirin ba leɓenta ya kumbura, wuyanta ya yi rudu-rudu, muryarta ta dushe, tana ja da numfashi da ƙyar. Allah Ya sa asibiti na kusa, aka yi mata allura a cinya, ta kwana biyu ana duba ta. Sai a can na tuna cewa tun tana yarinya ba ta cin fara, domin duk lokacin da ta ci sai borin jini ya taso mata. Ashe yarinyar gaskiya ta faɗa, ni ce ban ji ba.

Likitoci sun tabbatar akwai dangantaka tsakanin su biyun. Jatan lande da ƙaguwa da lobsta dangin juna ne, kuma suna da kusanci da fara da kyankyaso da 'yan ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar katifa. Akwai wani sinadari a tsokarsu mai suna turofomayosin, wanda jikin wasu mutane ke ɗauka a matsayin abokin gaba. Shi ya sa da ƙasashen Tarayyar Turai suka yarda a sayar da fara a matsayin abinci a shekarar 2021, suka ce lalle a rubuta gargaɗi a jikin ƙunshin domin waɗanda jatan lande ke tayar wa borin jini. To, ke ma juya maganar: idan fara na ba ki ƙaiƙayi, ko kuwa kin taɓa shan miyar mutanen Kudu mai garin kirefish kika ga jikinki ya yi bore, to ki nisanci wannan faranti har sai likita ya gwada ki. Kuma kada ki ce ai kin girma, gama wannan cuta takan fara wa mutum ko yana da shekara arba'in.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, dahuwa ba ta kashe wannan sinadari. Man da aka soya jatan lande a ciki, idan aka soya miki dankali da shi, ya isa. Cokalin da aka juya wancan da shi aka juya naki, ya isa. Wasu ma tururin kaɗai kan tayar musu da fuka. Saboda haka ba ya wadatarwa ki ture abin gefe ki ci shinkafar da ke ƙarƙashinsa. Tun kafin a rubuta abin da kike so, ki kira mai hidimar teburin ki ce masa, "Malam, jatan lande da ƙaguwa suna kwantar da ni asibiti, don Allah ka gaya wa kuku ya yi mini nawa a kasko dabam da sabon mai." Idan kika ga yana kame-kame, a kira manaja. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, tun watan Disamba na 2014 doka ta tilasta wa gidajen abinci su sanar da mai saye idan abinci na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 masu tayar da irin wannan cuta. A nan gida kuwa kada ki jira a rubuta miki, bakinki shi ne mai tsaronki.

In kuwa abin ya riga ya auku, ga ki ga wadda leɓenta ko harshenta ke kumbura, ko numfashi na gagararta, ko jiri na ɗibarta, to ba lokacin ɗura mata manja ko madara ba ne, ba kuma lokacin neman ƙwayar maganin ƙaiƙayi a jaka ba ne. Allurar adirenalin ce maganin, kuma minti ɗaya yana da daraja. A nufi asibiti nan take, a kwance in jiri take ji, a zaune in numfashi ne ya yi wuya. Wani abin sauƙi a nan, wadda jatan lande ke cutarwa sau da yawa tana iya cin kifi sosai, irin su karfasa da tarwaɗa, domin sinadarin da ke tayar da bore a kifi wani ne dabam. Ƙanwata har yau tana cin miyar bandarta lafiya lau.

Sai maganar halal da haram, wadda na san ita ce ta fara zuwa zuciyarki. A mazhabar Imam Malik da akasarinmu ke bi, dabbar ruwa halal ce, kifi ce ko ba kifi ba, kuma ba ta bukatar yanka. Ƙaguwa da jatan lande da mai hannuwa takwas duk sun shiga ciki. Mabiya mazhabar Abu Hanifa, kamar mutanen Turkiyya da Pakistan, su kifi kaɗai suka yarda da shi, malamansu kuma sun yi saɓani a kan jatan lande. Saboda haka idan kin zauna tebur ɗaya da matar wani Bapakistane kika ga ta ƙi ƙaguwa, kada ki ɗauka ke ce kika yi laifi, kada kuma ki matsa mata. Wannan sauƙi na rashin yanka shi ya sa alhazanmu da ɗalibanmu a ƙasashen Turai suke gudu wajen kifi idan ba su amince da naman wurin ba.

Amma a nan ne tarkon yake. Kifin halal ne, abin da aka dafa shi da shi fa? Girkin Faransa da Italiya, wanda manyan gidajen nan suke taƙama da shi, yana son giyar inabi kamar yadda miyarmu take son daddawa. Waɗannan masu baƙin ƙwanso da ake kawowa cikin tukunya suna tururi, galibi da farar giya ake turara su. Farar miyar man shanu da ake kwararawa a kan kifi, sau da yawa da giya ake fara ta. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya irin na mutanen Ingila, wasu da giyar kwalba suke kwaɓa shi don ya yi garas-garas. A girkin Japan akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake sa wa a romo. Shinkafar nan ta mutanen Sifen da ake kira fayela, wasu kukuna suna yanka mata tsiren alade, haka nan farar miyar Amurkawa mai kauri da ake kira cauda, da kitsen alade ake soma ta. Ko abin zaƙin bayan abinci bai tsira ba, gama tiramisu na Italiya akan ɗiga masa giya.

Na san abin da mai hidima zai ce miki, domin ni ma an faɗa mini: "Hajiya, ai wuta ta ƙone ta." Ba gaskiya ba ne. A shekarar 1992 masu bincike na jami'o'i biyu a Amurka tare da ma'aikatar gona ta ƙasar suka auna wannan magana. Suka tarar idan aka zuba giya aka kunna mata wuta ta yi bal-bal a gaban baƙi, kashi 75 cikin 100 na barasar yana nan. Idan aka bar ta tana tafasa minti 15, kashi 40 ya saura. Bayan awa guda, kashi 25. Sai an yi awa biyu da rabi kafin ta sauko zuwa kashi 5. Wane kifi ne kuwa ake dafawa awa biyu da rabi? Tambaya ɗaya ce za ta fisshe ki: "Akwai giya ko alade a cikin wannan?" In ana so a huta da dogon zance, ki ce a gasa miki kifin da man zaitun da lemun tsami da tafarnuwa da barkono, miyar kuma a kawo ta a wani ɗan kwano dabam. Babu kukun da zai kasa wannan, kuma a ganina ma kifi mai kyau ya fi daɗi a haka, gama yawan miya sau da yawa rufa asirin kifin jiya ne.

Yanzu ke mai juna biyu, da ke mai goyo, ku matso. Kada kowa ya hana ku kifi, domin yana gina ƙwaƙwalwa da idon jariri. Hukumomin lafiya na Amurka sun ba da shawarar mai ciki ta ci kifi sau biyu ko uku a mako, kowane ci kamar faɗin tafin hannunta. Sai dai akwai zaɓi. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar ƙarfe ba, tun da mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ta cikin teku ba dalma ba ce, zaiba ce, irin wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita. Ƙananan kifaye suna ɗaukar kaɗan, manya su cinye ƙananan, su tara ta a tsokarsu shekara da shekaru. Duniya ta farga da wannan ne a garin Minamata na ƙasar Japan a 1956, inda wata masana'anta ta daɗe tana zubar da zaiba a ruwa, iyaye mata suka ci kifin, aka haifi yara da lalurar ƙwaƙwalwa alhali wasu daga cikin iyayen ba su nuna ciwo sosai ba. Don haka ki bar shak, da kifi mai takobi a baki, da malin, da babbar tuna mai manyan idanu. Abin mamaki, su ne masu tsada a takardar. Waɗanda aka ce ki ci hankali kwance kuwa su ne karfasa da tarwaɗa da sadin da salmon da taitus ɗin nan na ƙanƙara da kike saye a kasuwa, har da jatan lande idan ya dahu kuma ba ya cutar da ke.

Ɗanye kuwa, ko sushi ne ko masu ƙwanson da ake jerawa a kan ƙanƙara, mai ciki ta haƙura da su gaba ɗaya, haka tsoho da ƙaramin yaro da mai ciwon hanta ko ciwon suga. Ƙwayoyin cuta da tsutsotsin da wuta za ta kashe suna nan da ransu, lemun tsami da yaji ba sa yi musu kome. Kifin da ya dahu tsokarsa takan yi fari ta rabu sala-sala idan kin taɓa da cokali. In tsakiyarsa na sheƙi kamar gilashi, mayar da shi a ƙara masa wuta, ba rashin wayewa ba ne.

Akwai kuma wani ciwo mai kama da borin jini wanda ba shi ba ne. Tuna da taitus da danginsu, idan suka daɗe babu sanyi bayan an kama su, sukan tara wani sinadari da ake kira histamin, wanda suya ba ta kashe shi. Mai ci zai ji bakinsa na raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono, fuska ta yi ja, kai ya sara. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ba abin rainawa ba ne, ko da gidan abincin na da labule na alharini. Hancinki na 'yar Bakura zai taimaka, ko da yake ba kullum ne irin wannan kifi yake wari ba. Kifin teku mai kyau ƙanshin ruwan gishiri yake yi. In ƙarni ya buge ki, ko wari mai kama da na fitsari, ajiye cokali.

Mai hawan jini ta tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini guda kada ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma baƙin romon waken soya da ake ajiyewa a kan tebur gishiri ne tsagwaronsa. Ta ce a rage gishiri da dunƙule tun a kicin. Mai ciwon suga ta zaɓi gasasshe maimakon mai ƙullu, ta nemi ganye a madadin soyayyen dankali, ta kuma lura da lemunan nan masu launi da ake kawowa da 'yar lema a kai, domin sukari ne narkakke. Ta kuma tambaya, gama wasunsu akwai giya a ciki.

Wata kuma ba ciwo ne ya hana ta ba, ba addini ba, ita dai ba ta cin kifi. A cikin Fulanin daji da Buzaye akwai gidajen da tun kaka da kakanni ba sa kusantarsa, kuma wannan ba abin dariya ba ne. Kusan kowane irin gidan nan yana da taliya da miyar tumatir, ko shinkafa da ganye, ko kaza. Sai dai ta tambaya ko da romon kifi aka dafa shinkafar. Amma maganar da wasu tsofaffi ke yi cewa haɗa kifi da nono na kawo kuturta, wannan kam babu ita. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873, a ƙasar da mutanenta ke dafa kifi da madara har gobe.

Ga maganar kuɗi, wadda kunya ke hana maza yi. Idan kin ga babu farashi a gaban lobsta ko babban kifi, an rubuta wai kuɗin kasuwa, to da awo ake sayarwa. Ki sa a auna a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta, kamar dai yadda ba za ki bar mai banda ya ƙunshe miki ba ku yi ciniki ba. A kan abin da aka rubuta za a ƙara harajin kaya, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin 100 a 2020, galibi kuma da ladan hidima. Matar kirki takan taya maigida wannan lissafi a zuci tun kafin takardar biya ta iso. Ɗan kwanon ruwan ɗumi mai yankan lemun tsami da za a ajiye kusa da ke, na wanke yatsu ne, ba na sha ba. Kuma kasancewarsa a wurin shaida ce cewa an yarda ki ɓare jatan lande da ƙaguwa da hannu. Cokali mai yatsu ki riƙe shi da dama abinki, babu wanda zai kore ki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku a irin wannan wuri. Turancin da ake koya muku ga ranarsa. Ki karanta wa Inna takardar a hankali, layi-layi, har da ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunan abinci, domin a nan ake ɓoye giyar da aladen. In ta yi tambayar da kike ganin ta ƙauyanci ce, ki fassara ta yadda ta faɗa, kada ki yi mata irin dariyar da na yi wa ƙanwata.

Abin da ya rage a faranti kina da iko ki ce a ƙunshe miki, tun da an biya. Amma dafaffen abin teku ba ya son ya wuce awa biyu a waje ba a sa shi a firji ba, in ana zafi ma awa guda. Kada ki ce za ki riƙe shi tsaraba daga Abuja, ki bi da shi ta Kaduna da Zariya da Funtuwa da Gusau har Mafara cikin zafin mota, don mutanen gida su ɗanɗana. In tsaraba kike so, sayi dabino da turare, kifin kuwa ki jira ranar Talata.